Faifan da Na Ce Na Ƙona

Shekara goma sha biyu ke nan cif da rasuwar Baba Isufu ɗan Damagaram, kuma ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba, ni da nake cika muku shafin nan da labarin mutanen da ko rabin saninsa ban yi musu ba. Ba mantuwa ce ta hana ni ba. Matsalar ita ce ba yadda zan ba da labarinsa ban ba da labarin ƙaryar da na yi a kansa ba. Ƙarya biyu ma: ɗaya ga dattijon da ya wanke gawarsa, ɗaya ga matar da ya bari. Watan jiya 'yarsa ta zo Riyad ta tsare ni da tambaya, don haka yau sai ku yi haƙuri da ni.

Na shigo garin nan ina ɗan shekara ashirin da uku, da gurbin karatun addini, da jaka ɗaya, da kai cike da tabbacin cewa duk wanda na baro a Kano bai san komai ba. A mako na biyu na je kasuwar kayan gwari ta Aziziya neman albasa mai sauƙi. Ina tsaye ina zuba wa mai rumfa Larabcin littafi, yana kallona kamar na faɗo daga sama, sai wani dogon dattijo mai tura amalanke ya tsaya a bayana ya ce da Hausa, "Kai ɗan malam, da wannan Larabcin naka sai dai ka sayi raƙumi a zamanin da. Nan ka ce bikam, wato nawa, in ya faɗa ka ce gali, wato ya yi tsada, ka juya baya." Shi ne Baba Isufu. Ranar shi ya saya mini albasar, ya kuma ce in zo ɗakinsa Juma'a in ci tuwo.

Shekara biyar na yi ina cin tuwon nan. Ɗaki ne guda a bayan kasuwa, da katifa a ƙasa, da risho, da akwatin ƙarfe a lungu. Ba shi da yawan magana, amma Allah ya ba shi murya. In ladanin ɗan masallacin da ke bayan rumfunan albasa bai zo ba, shi ake turawa, kuma na sha ganin Larabawa masu saye sun dakata da ciniki har ya kai ƙarshe. A cikin mutanenmu na Damagaram da Maraɗi, in ana son a nuna wa sabon zuwa mutumin kirki, shi ake nunawa.

Wata Juma'a, a shekarata ta farko, bayan kowa ya watse, ya tashi ya sa wa ƙofa sakata. Gabana ya faɗi, don a wancan zamanin in Bahaushe ya sa sakata da rana tsaka, ko dai iƙamarsa, takardar izinin zama, ita ce ta ƙare ko kuma wani abin da ya fi haka. Ya buɗe akwatin, ya zaro tire biyu na cin abinci da aka haɗa fuska da fuska aka ɗaure da tsumma. A tsakaninsu ya fito da faifan garmaho a cikin kwalinsa.

Kwalin ya sha jiki, gefunansa sun yi laushi. A gabansa hotuna ne ƙanana na samarin Turawan Ingila, rukuni-rukuni, duk ramammu, gashi ya rufe musu goshi, da matsattsun kwat da siririn laƙatai, wannan riƙe da jita, wancan a bayan ganguna. Ba faifan mawaƙi ɗaya ba ne, tattarawa aka yi: ƙungiya goma sha shida, kowacce da waƙarta ɗaya, takwas a kowace fuska. Ya ce tun yana saurayi, yana yaron mota tsakanin Damagaram da Kano, ya saye shi a Sabon Gari wajen mai tsofaffin kaya. Da shi ne shi da abokansa uku suka koyi jita, suna mayar da allura baya har sai yatsa ya kama, suka yi shekaru suna kiɗa a bukukuwan ma'aikata. Daga baya ya ajiye jitar, ya yi aure, ya zo aikin hajji, ya samu kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya zauna. Faifan kuwa a tsakanin tiren nan ya ƙetaro da shi, kuma tun da ya zo ƙasar nan bai taɓa jin sa ba, don ba shi da abin kunnawa, ba kuma zai iya nema ba.

"Kiɗan nan namu ne, ka sani," ya ce da ni yana shafa kwalin. "Da bayi ya tafi Amirka. Yaran Ingila suka ji suka ara, suka sa masa kwat, ya dawo mana Sabon Gari a kwali. Ni da na ji shi, gida na ji." Sai ya juya bayan kwalin ya miƙo mini. "Ban yi lakwal ba, Nasiru, ban shiga aji ba. Shekara arba'in ina jin bakinsu ban san me suke faɗi ba. Kai ka yi boko. Karanta mini sunayen nan, ka gaya mini ma'anarsu."

Ban karɓa ba. Na naɗe hannuwana na yi masa wa'azi, ni ɗan shekara ashirin da uku, cikina cike da tuwonsa. Na kawo masa nassi, na kawo masa maganar malamai, na tuna masa shekarunsa da ƙasar da yake zaune. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya mayar da faifan tsakanin tirensa, ya ɗaure, ya ce, "To, Allah ya huci zuciyar malam." Bai sake tayar da maganar ba, bai kuma taɓa rage mini nama a miya ba. Wannan shi ne abu ɗaya tak da ya taɓa roƙona a rayuwarsa.

Cikin zafin bazara Baba Isufu ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, da safe, a tsakanin buhunan albasa. Kwana biyu ya yi a asibiti ya cika. Muka kai shi maƙabartar Ud bayan la'asar. Wanda bai san ƙasar nan ba, nan ba a rubuta suna a kabari. Duwatsu biyu ne, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, shi ke nan. Na ƙirga layuka daga ƙofa don kada ya ɓace mini, ban yi tunanin layukan za su ƙaru ba.

Mutanenmu a nan suna da tsarinsu in aka yi rasuwa. Washegari dattawan yankin mamaci sukan taru a ɗakinsa, a buɗe akwatinsa a gaban shaidu, a ɗaure komai a ba mai tafiya gida. Ko allura ba a cirewa, don na magada ne. Mu shida ne a ɗakin, ni aka kira a matsayin mai ɗan karatu. Wanda ya jagoranta shi ne Alhaji Ilu, mutumin Maraɗi, babban dillalin albasa, aminin Baba Isufu na shekara talatin, kuma shi ya yi masa wanka. Aka fitar da riguna, da carbi, da hotuna, da turaren da ya saya wa iyalinsa. Sai hannun Alhaji ya kai kan tiren nan.

Ya kwance tsumman. Ya daɗe yana kallon samarin nan masu gashi, sannan ya ce, "Wanga abu ba shi zuwa gida. A ce Isufu ya yi shekara talatin ƙasa mai tsarki, ga abin da anka samu ƙasan akwatinai? Kuma duk ranar da anka kunna shi, kansa za a rubuta, yana kwance ba shi da bakin tuba. A karya shi a kai zubala, cikin shara." Ya ɗaga shi zai karya a gwiwa. A nan ne bayan kwalin ya juyo wajensa, sai na ga hannunsa ya tsaya.

Baba Isufu irin mutanen nan ne da ba sa ɗora alƙalami a kan komai sai sun fara da sunan Allah. A saman kwalin, daidai kan rubutun Turanci, ya rubuta Bismillah da hannunsa. A ƙasa kuma, gefen kowace waƙa, ya sa mata sunan Hausa da ajami, tunda bai san nata na asali ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba a jefa sunan Allah a shara. Wani ya ce a yage wajen kawai, Alhaji ya harare shi ya ce shi ba ya yaga Bismillah. Haka dattawa biyar suka zauna suna kallon abin da ba za su iya aikawa gida ba, ba kuma za su iya yarwa ba. Can sai Alhaji ya miƙo mini da hannu biyu. "Kai ne malami. Ka san yadda aka yi da takarda mai sunan Allah. Ka ƙone shi duka, ka bizne tokar wuri mai tsarki."

Na san abin da ya kamata in ce. Na karanta babin gado, na ci jarrabawa a kansa. Ko me za a yanke game da faifan, ba mu shida ne masu yankewa ba. Amma na kalli fuskokin dattawan nan da suke girmama ni, na ce to.

Na kai shi masaukina a Malaz, na sayi ashana, na hau saman bene da rana. Kafin in kyasta sai idona ya bi sunayen ajamin nan. Ta hanyar Kano. Mai busa. Ta masu faɗa. Haka har ƙasa. Ta ƙarshe a fuska ta biyu, an soke tsohon sunanta an rubuta sabo da wata tawada: Ta Rabi. Rabi ita ce 'yarsa guda ɗaya tilo, wadda hotonta ke manne a murfin akwatin. Na mayar da ashanar aljihu. Kada wani ya ɗauka jarumta na yi. Da jarumi ne ni, da na sauko na koma Aziziya na ce na fasa.

Bayan sallar Juma'a Alhaji Ilu ya tambaye ni a gaban mutane, na ce, "Na ƙone, Baba Alhaji." Ya ɗora hannunsa a kaina ya sa mini albarka har idonsa ya kawo ruwa. A ranar kuma aka kira Damagaram a yi wa matar marigayi, Hajara, bayanin kayan da ke tafe. Ta saurara, sannan ta ce, "Cikin kayan ba a ga wani faifai ba?" Alhaji ya miƙo mini wayar. Na ce, "Ba mu ga komai irin wannan ba, Inna." Ta ce, "To, shi ke nan." Cikin sa'a ɗaya na gaya wa mutum ɗaya na ƙone abu, na gaya wa ɗaya babu shi, alhali yana bayan littattafaina.

Shekarun da suka biyo baya sun yi mini kyau, kuma abin da ya ƙara ɗaure ni ke nan. Na gama karatu, na samu aikin tafinta, na yi aure, na zama Ustaz Nasiru. Duk Juma'a da yamma ina karantar da mutanenmu a Aziziya, Alhaji Ilu a sahun gaba a kan kujerarsa ta roba, yana gaya wa baƙi cewa wannan yaron tun yana ɗalibi ya san amana. Sau uku na sauya gida, duk a Malaz, kowace ƙaura ni nake ɗaukar kwalin littattafan nan da hannuna. Da yara suka fara tone-tone, sai na naɗe faifan a tsohuwar jallabiya na kai shi ɗan ɗakin ajiya na saman bene, kusa da tankin ruwa. Duk wanda ya san saman bene a Riyad da rani, inda ruwan famfo kan ƙona hannu, ya san wautar da na yi. Ni kuwa ban yi tunanin zafi ba, tunanina duka a kan wanda zai gani yake. Ko sau ɗaya ban zaro shi daga kwalinsa ba.

Garin kuma sai ya sauya a gaban idona. Yau ana kiɗa a shagon gahawa ƙofa a buɗe. Ana tallar mawaƙa a manyan alluna a bakin titi. A layin da ke bayan gidana wani ya buɗe shago yana sayar da tsofaffin faya-fayai irin na Baba Isufu, an jera su a bayan gilashi kamar gwal. Sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wannan. Ina jin da dariya zai fara yi, irin tasa marar sauti. Sannan ya zo ya tsaya a ƙofar shagon da kayan aikinsa masu warin albasa, ya ji kunyar shiga. Abin da na tabbata shi ne ba zai ce wa kowa "ai na gaya muku" ba. Ni dai sauyin nan bai sauke mini komai ba, ya ma ƙara mini nauyi, don ya ƙwace mini uzurin da nake ba kaina cewa doka nake tsoro.

Watan jiya aka kira ni a waya. Wani mai suna Habu ne, direban babbar mota a wani kamfani, ya ce shi ne mijin Rabi, ya samo mata bizar ziyara ta wata ɗaya, tana son a kai ta inda mahaifinta yake. Na ɗauke su da safe. Doguwa ce kamar shi, da jaririya 'yar wata biyar a kafaɗa. A hanya yarinyar ta fara kuka, Rabi ta shiga yi mata wani ɗan amo a maƙogwaro, ba kalmomi, mai hawa da sauka. Nan take ta yi shiru. Na ce wannan waƙar reno ta ina ce. Ta ce, "Ta Baba ce. Sau huɗu kawai na gan shi a rayuwata, Malam. Kaset yake aiko mana, ya gaishe da kowa, in ya gama sai ya ce saura ta Rabi, ya yi mini wannan. Kasetocin duk sun lalace."

Mata ba sa shiga maƙabarta a nan, don haka ta tsaya a jikin katanga, ni da Habu muka shiga. Na ƙirga layukana, ƙirgen bai kai ni ko'ina ba. Duwatsu ne iri ɗaya har inda ido ya tsaya. Muka yi addu'a a inda na fi zato. Da muka fito ta ce, "Kun same shi?" Habu ya kalle ni. Na ce, "Wajen dai mun samu." Ta gyaɗa kai, ta gyara goyonta, sannan ta dube ni ido cikin ido.

"Malam, Inna ta rasu bara. Kafin ta cika ta ce Baba ba zai yar da faifan nan ba, ba kuma zai sayar ba. Ta ce in Allah ya kawo ni, in tambaye ka ina kallon fuskarka, don ranar a waya muryarka ta yi rawa. Ba ni da kabarin da zan nuna wa 'yata. Ina faifan babana?"

Motoci na wucewa, rana ta fara zafi. Na ce ta ba ni kwana biyu.

Wajen Alhaji Ilu na fara zuwa, don ban yarda ya ji a bakin wani ba. Ya tsufa yanzu, idonsa ya yi rauni, yana zama a ƙofar rumfarsa yana jin ciniki da kunne. Na durƙusa na gaishe shi, ya riƙe hannuna kamar kullum. Na gaya masa a taƙaice. Ya ce, "Maimaita." Na maimaita. Na ji hannunsa ya saki nawa a hankali.

"Na ɗora hannuna bisa kanka, Nasiru. Gaban mutane."

"Haka ne, Baba Alhaji."

"Shekara goma sha biyu ina kwana da sanyin rai na ruhwa ma abokina asiri. Ka saurare shi?"

Na ce ko buɗe shi ban yi ba. Sai fuskarsa ta ɗan saki. "To ba a makara ba. Kawo shi yau, ni in ƙone da hannuna, maganar ta mutu tsakaninmu. Ɗiyatai ka ce mata ya ɓace."

Ga ƙofa an buɗe mini, kuma wallahi na leƙa ta. Da na amsa, da kujerarsa tana nan a sahun gaba, da sunana yana nan yadda yake. Na ce, "Ba nawa ba ne, Baba Alhaji, ba kuma naka ba ne. Na Rabi ne. Tun ranar ya kamata in faɗa."

"Ranar ba ka da baki?" Ya ɗaga murya har masu dako suka waiwayo. "In ta kunna shi, kai za ka kwanta cikin ramin nan ko shi?" Na fara cewa malamai sun yi saɓani a kan mas'alar, ya katse ni. "Yau ka san da saɓani? Tashi ka ba ni wuri. Mutumin da ya kalli idona ya ce ya ƙone, ba ni ƙara zama gabansa in ɗauki karatu." Na miƙa masa hannu, bai karɓa ba.

Washegari na sauko da ƙunshin daga saman bene na kai ɗakin Habu. Na zauna a ƙasa na faɗi komai, har da abin da na gaya wa mahaifiyarta. Rabi ta jawo ƙunshin gabanta. Ta kwance jallabiyar, ta shafa hoton samarin, ta juya baya ta bi ajamin da yatsa har ta kai sunanta. Sannan ta zaro faifan. Ya lanƙwashe. Gefensa ya yi tudu da kwari kamar murfin tukunyar da aka taka. Ta ɗaga shi ta duba ta wajen taga, ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Ashe dai ka ƙone shi, Malam. A hankali ka yi." Ban taɓa jin magana ta shige ni kamar wannan ba.

Habu ne ya ce a gwada duk da haka. Da la'asar muka je shagon bayan gidana, wanda na yi shekara uku ina sauya hanya don kada a gan ni a ƙofarsa. Mai shagon Balarabe ne mai furfura a gemu. Ya karɓi faifan da gefen tafukansa, ya duba, ya girgiza kai ya ce harban, wato ya lalace. Ya goge shi, ya ɗora, allura ta hau tudun farko ta yi tsalle ta faɗo da ƙara. Sau uku haka. Rabi ta juya za ta fita. Sai mutumin ya ce ta dakata: lanƙwasar a baki ta fi tsanani, can kusa da tsakiya faifai kan zauna daidai, wataƙila waƙar ƙarshe ta kowace fuska ta tsira. Ta ce a sa ta ƙarshe a fuska ta biyu.

Ya sauke allurar a hankali. Aka ji ƙas-ƙas na ɗan lokaci. Sai ganga ta shigo, sai wani abin busa na baki, sai jita. Kafin Baturen ya buɗe baki, Rabi ta riga shi. Amon nan ne na cikin mota, hawa da saukarsa duka, ba inda ya kauce. Tana tsaye a tsakiyar shagon da 'yarta a kafaɗa, tana bin sa a maƙogwaro, hawaye na zuba, ba ta share ba. Shekara talatin tana ɗauka waƙar reno ce ta Damagaram. Ni kuwa, tunda na ce zan faɗi gaskiya, ko a wannan lokacin sai da na waiwaya ƙofa sau biyu in ga ko wani ɗan karatuna na wucewa.

Da mai shagon zai mayar da faifan, ya buga kwalin a tafinsa don ƙura ta fita, sai wata takarda a ninke ta faɗo daga can ciki. Ya buɗe, ya juya ta, ya ce haruffan nasu ne amma bai gane ko kalma ɗaya ba, ya miƙo mini. Fallen littafin makaranta ne. A sama Bismillah. A gefe lambobi, ɗaya zuwa goma sha shida, kowace an ja mata layi da biro an bar shi fayau. A ƙarƙashin Bismillah ɗin ya rubuta: Ma'anarsu, in Nasiru ya huce.

Ban san me zan ce wa Alhaji Ilu ba, har yau. Yana amsa sallamata, iyakarta ke nan, kuma Juma'a huɗu ke nan wajen kujerarsa babu kowa. Ba na cewa ya yi kuskure a ƙaunar da yake yi wa amininsa. Cikin mu shida shi kaɗai ne abin da ya yi a ɗakin nan don Baba Isufu ya yi shi, ko da bai dace ba. Tambayarsa ta ramin kabari tana nan tana cina, ina kuma roƙon Allah in akwai nauyi a ciki ya ɗora mini, tunda ni na kai faifan shagon. Abin da na sani kawai shi ne, da na kyasta ashanar nan a ranar ma, da ban tsayar da komai ba. Waƙar ta riga ta bar faifan tuntuni, ta bi kaset ta je Damagaram, yanzu ga ta a kunnen jikarsa. Kabarinsa ya ɓace mini a cikin duwatsu, muryar kiran sallarsa ba wanda ya naɗa. Abin da ya rage shi ne wannan amon, da faifai mai waƙa biyu masu rai, da hannunsa a kan takarda.

Kwana uku kafin Rabi ta koma, na karɓi takardar da kwalin na zauna da su a teburina, ƙofa a buɗe, yarana na shiga suna fita. Na bi sunayen Turancin nan ɗaya bayan ɗaya na rubuta ma'anarsu da ajami a kan layukan da ya ja. Ba wani abin kirki a cikinsu: wannan budurwarsa ta ƙi shi, wancan yana son a tashi a yi rawa, wani jirgin ƙasa ya tafi ya bar shi. Aikin bai ɗauke ni minti ashirin ba. Minti ashirin, Baba Isufu, da tuwonka a cikina. Na daɗe da hucewa, tsoro ne ya rage, shi kuma ba ka bar masa layi ba. Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta, ya kuma yafe wa malamin da ya cika takardarka bayan ba mai karanta maka ita.